Sun baje tudun Malam Sabo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin shiga aji a Birnin Kudu aka kira ni, wai Malam Sabo ya rasu. Shi ya koya mana fizis a sakandare.

Na hau babur sai Gwaram. Ban samu jana'iza ba, wannan na haƙura. Abin da na tarar a ƙofar gidansa ne ya tsaya min a rai.

Duk wanda ya san Malam ya san tudun ƙasar da ya tara a wurin. Shekara da shekaru ba a taka shi, ba a share shi, ruwan sama kaɗai ke taɓa shi. Ruwan ya zana 'yan hanyoyi a jikinsa, kowace ta yi rassa, rassan ma suka yi nasu. Ya taɓa nuna min hoton tudun a waya tare da taswirar rafukan wajen Fagam, ya ce in bambance. Wallahi na kasa. Ya yi dariya ya ce ruwa rago ne, inda ba zai sha wahala ba yake bi, shi ya sa ƙaramin reshe ke kama da babban kogi.

In ya rage maka hanya a abin hawansa, ka san sai ka makara, duk kwarin da ruwa ya ci da ya gani sai ya tsaya dubawa. Amma bai taɓa wuce ɗalibi a ƙasa ba.

Ganinmu na ƙarshe, ya durƙusa ya nuna min rassa biyu da suka kusa haɗuwa. "Bana wannan zai ƙwace ruwan wancan. In an yi ruwan farko, kawo ɗalibanka mu gani."

Har na yi wa 'yan ajina alkawari.

Yau na tarar an baje tudun da shebur, an shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Maƙwabcinsa, Baba Audu, ya tare ni: "Malam, ai mun gyara wurin, kar baƙi su yi tuntuɓe."

Wa zan yi wa faɗa? Don Allah suka yi. A kan tabarmar na zauna na yi gaisuwa, raina na tafasa.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya yafe masa, Ya sa shi a Aljannar da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni tawa yau da ƙyar take fita.