Zoɓon Hajiya da Bututun Jirgi

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansul, ƙaramar hukumar da nake yi wa aiki, ta sallame ni, ni da digirina na injiniya. Wata bakwai ina zaman kashe wando a Levenshulme kafin na samu wani kamfani a Erdington mai haɗa bututun mai na jiragen ruwa. Unguwa ce a Birmingham fa, garin da ko warin teku ba ya kaiwa. Suka ce za su gwada ni wata uku.

Ƙa'idar aikin, bututu ba ya barin wurinmu sai an cika shi da ruwa, an matsa masa ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da zai ɗauka a jirgi, a tsaya ana kallon allurar ma'auni a gaban sufeto. In allura ta sauka, akwai yoyo. Wannan gwajin matsi shi ake kira pressure test. Bututun farko da na haɗa, a kansa za a yanke ko in zauna ko in koma gida.

A makon gwajin surukata tana wurinmu, ta zo daga Kano ganin jikoki. Ta ji ina ce wa matata, "Gobe ne pressure test. In na faɗi, shi ke nan, tawa ta ƙare."

Hajiya kuwa fresha ɗaya ta sani, ta hawan jini. Da safe sai ga ta da ƙaton flas na zoɓo, ba sukari, an kirɓa masa tafarnuwa.

"Baban yara, ka shanye dab da gwajin. Shi ya saukar da nawa."

Wa ya isa ya yi wa surukarsa gyara? Kaina a sunkuye na ce, "To, Hajiya, Allah ya saka da alheri." Na san za ta tambaya, ni kuma ban iya yi mata ƙarya ba, don haka na shanye tas a ƙofar kamfani.

Rabin awa ake riƙe matsin, kuma dole ina tsaye a wurin. Minti goma da farawa zoɓo ya fara aikinsa. Sufeton, wani dattijo marar gaggawa, yana bin kowace gaɓa da tocila yana ba ni labarin kamun kifi. Ni da bututu kowa na riƙe da ruwansa, kuma wallahi nawa ya fi ba ni tsoro.

Bututun ko ɗigo bai zubar ba. Dattijo na sa hannu na kwasa da gudu.

Da na fito daga bayi na kira gida. Hajiya ce ta ɗauka. Ashe tun tafiyata tana kan darduma.

"Na ci, Hajiya."

Sai ta fashe da kuka. "Alhamdulillahi, jikokina ba za su zama marayu ba."

Har ta rasu ban gaya mata gaskiya ba.