Shekarar da Aka Daina Karɓar Masu Ɗorawa

Saboda baki aka ɗauke ni aikin. Ina jin yaren Gude ta wajen mahaifiyata, Fulatanci a kasuwa na tsince shi, Turanci kuwa shi na koyar a firamare har na yi ritaya. Da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta buɗe wurin kula da yara masu tamowa a bayan garin Mubi, ta hanyar Digil, sai suka nemi mai yi musu tafinta. Maƙwabciyata ce nas ɗin wurin, ita ta kai sunana.

Rumfar kwano ce da bencina da ɗan ɗakin ajiya. Duk Litinin mata ke zuwa da yara a baya. Nas na da wani siririn tef mai launi uku da take naɗawa a dantsen yaro. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In ruwan ɗorawa ne, yunwa ta fara cinsa. In ja ne, to, sai an tashi tsaye. Masu ja da masu ɗorawa duk ana ba su wasu 'yan fakiti na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara, na mako guda. Na sha ganin yaron da aka kawo wuyansa ba ya tsayawa, bayan wata biyu yana bin kajin maƙwabta da gudu.

Tsadar nan a kasuwar hatsi muka fara ganinta. Taki ya gagari manomi, mai ya tashi, mai mashin ya daina shiga ƙauye sai da dalili. 'Yan kasuwa daga ƙetaren iyaka suka riƙa zuwa da sefa, kuɗin ƙasarsu, wadda ta yi wa naira nisa, suna loda masara da dawa a manyan motoci tun kafin mu isa. A rediyo ana ta bayanin yaƙi a wata ƙasa mai noman alkama, da jiragen ruwan da ba sa tashi, da yadda abin ya taɓa duniya duka. Mu dai abin da muka gani shi ne layin Litinin ya fara zagaya rumfa har bakin hanya.

Ana cikin haka shugabarmu ta zo daga Yola. 'Yar gabashin Afirka ce, doguwa, ba ta da yawan magana, Madam muke ce mata. Ta tara mu a ɗakin ajiya, inda kwalayen da a da suke kai wa rufi yanzu ko gwiwata ba su kai ba. Ta ce ƙasashen da ke bayarwa su ma sun shiga matsi, gwamnatocinsu sun rage hannu, kuma abin da ya saura ana raba shi ne tsakanin ƙasashe da yawa, wasu fari, wasu yaƙi. Daga ranar, mai ja kaɗai za a ba fakiti.

Nas ta ce, "Masu ɗorawa fa, Madam?"

"A ba iyayensu shawara, su koma gida."

"Su koma gida su jira su zama ja ke nan."

Madam ba ta musa ba. Ta ce ta rubuta, ta roƙa, ta sake rubutawa. Sai ta juyo gare ni ta ce ni zan riƙa yi wa iyayen bayani, tunda ni suke ji.

Litinin ta gaba wata tsohuwa ta iso daga ƙauyen Betso a ƙafa, ta goya yarinya ɗaya, ɗaya kuma a kafaɗa. Jikokinta ne, tagwaye, ba su daɗe da cika shekara ba. Uwarsu ta rasu wajen haihuwarsu, ubansu ya tafi kudu neman aiki, wayarsa ta daina shiga. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, da Fulatanci muka yi magana. Nas ta auna babbar, tef ya tsaya a ja. Ta auna ƙaramar, ya tsaya a ɗorawa, dab da ja. Ta kwance ta sake naɗawa, ta ɗan ja shi, amma bai wuce ba.

Na ce, "Kaka, wannan za a ba ta. Waccan kuwa an ce jikinta da sauƙi."

Ta dubi yarinyar, ta dube ni. "Da sauƙi? 'Yata, dubi ƙafarta."

"Na gani, Kaka. Doka ce aka kawo."

"Tuwo ɗaya suke ci, rana ɗaya suka zo duniya. Wa ya raba su?"

Na ƙirga mata fakitin, na maimaita abin da aka koya mini: na babbar ne ita kaɗai, kada a raba, in an raba ba ya aiki. Ta ƙulle su a bakin zane.

Ranar na faɗi wannan magana da harshe uku har muryata ta dushe. Wata mata ta tambaye ni kwana nawa za ta jira ɗanta ya kai ja. Ba gatse take yi ba, so take ta san ranar dawowa don kada ta yi tafiyar banza.

Nas ce ta fara cewa ba za mu zauna haka ba. Ta je wajen uwar zumuntar matan cocinsu, ni kuma na je wajen wata Hajiya mai injin niƙa a unguwarmu, wadda ke jagorancin matan Islamiyya. Da Madam ta ji, ta ce a ƙasarta ma mata sun taɓa shiga irin wannan, kuma ta haɗa mu da su ta waya. Muka taru mu takwas a kan waya ɗaya. Can muka ga wata mata mai jan ɗankwali tsugune gaban kasko, tana soya waken suya, tana nuna mana yadda launinsa zai koma kafin a sauke. Hoton yana tsayawa yana dawowa. Madam na juya maganarta zuwa Turanci, ni ina juyawa zuwa Hausa: gero kaza, gyaɗa kaza, wake kaza, a soya, a niƙa tare, a dama kunu mai kauri. Kafin wayar ta katse matar ta ce a gaya mana su ma bana ba su da isasshen wake.

Muka bi gida gida. Wata ta ba da kwanon gero, wata rabin kwano, wata ta shiga ɗaki ta daɗe sannan ta fito da gyaɗa cikin murfin tukunya, tana ba mu haƙuri. Hajiya ta niƙa kyauta duk da tsadar mai. Ranar Asabar muke suya a tsakar gidanta, matan coci da na Islamiyya, hayaƙi na cin idanunmu. Ranar Litinin mu raba wa masu ɗorawa a leda. Bai taɓa kai wa ƙarshen layi ba.

Tsohuwar Betso ta dawo sau uku. Babbar ba ta ƙaru ba, ƙaramar kuma ba ta faɗa ja ba. Nas ta gane tun zuwa na biyu.

"Mama, rabawa kike yi."

Na fassara. Tsohuwar ta ce, "In na buɗe, ɗayar tana kallona. Ke za ki iya?"

Muka ba ta garin kunu leda biyu maimakon ɗaya, muka roƙe ta ta bar wa babbar fakitinta. Ta ce to. A mako na huɗu motar kaya ba ta zo daga Yola ba, a na biyar ma haka. Masu ja su ma suka koma kan kununmu, wanda ba don su aka yi shi ba. Damina ta yi ƙarfi, mayo, wato kogi, ya cika, hanyar Betso ta yanke, tsohuwar ba ta sake zuwa ba.

Wata mai sayar da itace ce ta kawo mana labarin cewa babbar ta rasu. Gudawa ce ta kwana biyu, jikin ba shi da abin da zai tare ta.

Da ruwa ya ja muka tafi gaisuwa, ni da nas da Hajiya, a kan mashin biyu, muka ƙarasa a ƙafa. Mun tarar da ita zaune a bakin bukka, ƙaramar na jingine da cinyarta tana tsotsar yatsa. An riga an yi addu'a an watse tun kwanaki. Masarar bayan gidan ta yi rawaya, gajera, don ba ta ga taki ba. Muka yi mata gaisuwa, muka ajiye garin da muka kawo. Sai da muka tashi tafiya ta riƙo hannuna.

"Malama, ke kin yi karatu. Da na ba ta ita kaɗai, da tana nan?"

Na ce, "A'a, Kaka. Kwananta ne ya ƙare."

Ta saki hannuna.

A hanya na tambayi nas ko gaskiya na faɗa. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce wataƙila da babbar ta rayu, wataƙila kuma da ƙaramar muka zo yi wa gaisuwa. Hajiya na gaba, ta tattare zanenta tana neman wurin taka ƙafa a cikin taɓo.

Kafin kaka aka rufe wurin gaba ɗaya. Madam ta kira ni daga filin jirgi, ta ce an mayar da ita wata ƙasa inda abin ya fi muni, ta ce in gaishe da matan. Nas ta koma asibitin gwamnati. Suyar Asabar ta ci gaba a gidan Hajiya, amma mun ragu, don wasu daga cikin masu bayarwa yanzu su ke zuwa da leda a hannu. Ranar da gyaɗa ta samu mu sa, ranar da babu mu niƙa gero da wake haka nan.