Ba Ma'ati, Mai Ajiyar Ƙasar Ulad Jilali

Kafin motocin kamfani su fara kwararowa filin haƙar fosfat, Ba Ma'ati ya riga ya isa. Ya sha shayin na'ana'a, ya tsoma burodin sha'ir a man zaitun, ya yi dogon tarin nan da maƙwabta ke gane shi da shi ta bayan katanga. Ba ya fara hawa katafila sai ya zaga tsibin ƙasar da ya tara a gefen rami. Ya tura hannu, ya damtsa, ya sunsuna. Inda ruwa ya zaizaye ya toshe da duwatsu. In kuwa ya ga sawun tayar tipa a kan tsibi, ranar ba direban da zai sha ruwa da daɗi.

Duk inda za a fasa a ciro dutsen da ake yin takin zamani da shi, shi ake fara turawa ya kankare ƙasar sama, mai ran nan da ba ta wuce kamu ɗaya ba, ya ajiye ta gefe, don a mayar ranar da aka cike ramin. Abin da ke ƙarƙashinta fari ne fat, ko ƙaya ba ta tsirowa a kai. Ya haura shekara talatin yana wannan aiki. Makon jiya aka sallame shi, huhu ya gaza.

Mu mutanen Ulad Jilali mun daɗe ba mu yafe masa ba. Shekarar da haƙa ta iso ƙauyenmu aka ce mu kwashe, muna ɗaure kaya sai ga katafila ta nufo gonaki, kuma ɗanmu ne a kai. Yayansa Bushu'aib ya sha gabanta.

"Sauko, Ma'ati. Gonar ubanka ce wannan, ko farar ƙurar ta rufe maka ido?"

"Na gan ta, Yaya. In na sauka wani zai hau, wanda bai san ta ba. Zai cakuɗa ta da tsakuwa ya tura rami."

"Wato gara ɗan gida ya sa wuƙa, ko? To yanka. Allah ya isa tsakanina da kai."

Ya kankare. Waɗanda ke wurin sun ce hawaye na wanke masa ƙura a fuska, amma bai tsaya ba. Tun daga ranar Bushu'aib ya daina amsa sallamarsa, kuskus ɗin Juma'a kowa ya ci a gidansa. A kasuwa yara suka sa masa suna Mai Askin Gona.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya, bai haɗa ƙasarmu wuri ɗaya ba. Kowane gida da tsibinsa. Mi Hadda, tsohuwar da ta rasa gonar wake, ita ta fara ganowa, da ta je neman ciyawar akuya ta same shi yana watsa iri a kan wani tudu.

"Kai kuma noma kake a kan kabari?" in ji ta.

"Ƙasarki ce, Mi Hadda. In aka bar ta tsirara iska za ta kwashe, rana ta kashe ta. Saiwa ce ke riƙe mata rai."

Sha'ir ɗin da matarsa Mbarka ta ajiye don burodi ne yake watsawa. Tsohuwa ta zauna a gindin tudun, da za ta tafi ta ƙulle ɗan damtsen ƙasar a bakin mayafinta.

Sai shekarar da aka ba wani ɗan kwangila aikin hanyar tipa. Yana neman abin ciko na kusa, ya hango tsibin nan, ya turo motoci. Ba Ma'ati ya gitta katafila a hanya, ya kashe, ya jefa makulli a aljihu.

"Matsa, tsoho! Ƙasa ai ƙasa ce."

"Uwarka ma ai mace ce, amma ba ka bayar da ita ba."

Aka dakatar da Ba Ma'ati daga aiki saboda taurin kai. Da ya dawo, manyan tsibin babu su, an shimfiɗa an danne, tayoyi na bi a kai. Har da jar ƙasar gonar ubansa. Mbarka ta ce ranar ya shigo ya kwanta, ya juya fuska bango. Washegari ya koma ga waɗanda suka rage.

Bara aka cike rami ɗaya, aka ce ya mayar da ƙasa. Ya shimfiɗa ta a hankali kamar mai lulluɓe jariri. Sha'ir ya fito, siriri, tsilla-tsilla, amma ya fito. Mutane suka je kallo, Bushu'aib ma ya zo, dogare da sanda. Ya durƙusa ya murza ƙasar a tafin hannu.

"Wannan ta gidan Hadda ce. Ina tamu?"

"Tana ƙarƙashin hanya, Yaya."

Bushu'aib ya daɗe yana dubansa, sannan ya kakkaɓe hannu ya juya. Bai kai kaka ba ya rasu. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Ba Ma'ati, kai ne ka ɗauki zagin da ya kamata a yi wa wasu, ba ka taɓa sauke shi a kan kowa ba. Kai ne ma'ajin da masu kaya suka tsana. Dutsen da aka ciro a ƙarƙashin ƙauyenmu ya ciyar da gonakin ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, kai kuma aka bar ka da ƙirjin da ba ya kai ka masallaci sai ka tsaya hutawa a hanya. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya sassauta maka numfashi, ya yafe mana abin da bakinmu ya faɗa.

Ku kuma da aka miƙa wa makullan katafila, ku kankare da tausayi, kada ku hau tsibi yana jiƙe, kada ku bar shi tsirara. Sauran ƙasar Ulad Jilali tana nan a gefen rami tana jira, kuma ɗan kwangila na gaba yana hanya. Wanda ya saba gitta masa mota ba zai ƙara iya hawa ba.