Itacen da Malam Salih Ya Gasa a Tanduna

Mijina Malam Salih masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya iso Umdurman ta ƙasar Sudan ya ce zai huta wata guda, har yau zuri'arsa ba ta gama hutun ba. Baban Salih ne ya kafa ɗan shago a layin masassaƙa cikin kasuwar Umdurman, nan Salih ya yi shekara arba'in yana sassaƙa carbi da kan sanda da ƙananan akwatuna, da baƙin icen abanus da kuma sandal. Mutum ne mai taurin kai, tun ranar da aka kawo ni gidansa na san haka. Idan ka miƙa masa itace ba ya kallonka, itacen yake kallo, ya juya shi, ya shinshina, ya gaya maka inda ya tsiro, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Ni kuma Sittana sunana, sana'ata haɗa turaren wuta na amare. A unguwarmu ba a kai amarya ba a biyo ta ƙofata ba. Na faɗi wannan ne don ku san ni ma ba baƙuwar sandal ba ce.

A shekarar da Nilu ya yi babbar ambaliya ne ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, amma hannun dama ya ƙi. Yana iya riƙe kofin shayi, ba ya iya riƙe kurfin sassaƙa. Ranar da ya gwada, kurfin ya suɓuce ya faɗi a kan ƙafarsa, ya koma kan gadon igiya a inuwar darbejiya ya juya fuska bango. Wata bakwai yana nan. Mutumin da ke gardama da mai rediyo, sai ga shi ina zuba gishiri fiye da kima a miya da gangan don ya yi mini faɗa, ya cinye shiru. Wallahi tsoro ya kama ni.

Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa murzawa don yatsun su motsa. 'Yarmu Rayan ta shiga Kasuwar Libiya da ke nan garin ta dawo da wani yumɓun roba mai launi-launi a leda, irin wanda 'yan mata ke yin 'yan kunne da shi. Laushi gare shi, ba ya bushewa, sai an gasa shi yake tauri. Salih ya dube shi ya ce shi ba ɗan raino ba ne. Kwana uku yana ajiye a gefen gado. A na huɗu na gan shi ya haɗa ruwan ƙasa da baƙi yana murzawa, ya yanka da wuƙar abinci, ya tsaya yana kallon cikin yankan har shayinsa ya huce.

"Hajja," ya ce, "ina injin taliyar nan naki?"

Murna ta sa na kawo masa da gudu. Da na san abin da na buɗe wa kaina, da na ce ya ɓata.

Injin nan uwata ce ta bar mini, da shi nake murza taliya duk azumi. Ya ɗaure shi a gefen teburi ya zama nasa. Sai ya murza yumɓun nan fale-fale, ruwan ƙasa daban, mai duhu daban, mai kalar zuma daban. Ya jera su ɗaya kan ɗaya, ya sake tura su cikin injin, ya raba biyu, ya ɗora, ya sake murzawa, har sai sun zama layi-layi sirara. Sannan ya lanƙwasa, ya soka ƙusa nan, ya danna murfin biro can don ya fitar da gurbin reshe, ya matse ya zama dunƙule. Daga nan sai reza. Yana fere saman a hankali, zanen yana fitowa kamar na katako.

To zafin Umdurman ba ya barin yumɓun ya yanku, caɓewa yake. Sai firij ɗina ya shiga hannu. In buɗe zan ɗauko nono, in tarar da dunƙulen Malam zaune a kan faranti, an ture mini tumatir gefe. Idan aka ɗauke wuta kuwa, ni ce mai laifi, ni da kamfanin lantarki. Tandun gas ɗina na gashin biskit ɗin salla, shi ma ya tafi. Buroshin haƙorin Rayan, tsohon mayafina na gogewa, allurar saƙata, babu abin da ya tsira. Har kwanon da nake jiƙa wake, a ciki yake jiƙa sanfefar goge katako.

Duk da haka na haƙura, tunda mutum ya juyo da fuskarsa daga bango. Abin da ya ƙure ni shi ne rantsuwar da ya yi. Ƙaninsa Ilyasu, wanda ke buɗe shagon yana share ƙura, ya zo ya ga carbin farko da Salih ya yi da yumɓun ya ce, "Yaya, ai wannan ya isa. Taso mu tafi kasuwa, shago ya gaji da zama fanko."

Salih ya ce, "Ba zan taka layin nan ba sai ranar da wanda ya san itace ya ɗauki wannan ya ce itace ne. In je su ce Salih ya koma wasan yara?"

"To wa zai yi hukuncin?"

Ya nuna ni da haɓa. "Ga ta nan. Ita ba ta iya ƙarya don faranta wa mutum ba."

Haka kawai aka naɗa ni alƙali ba da shawarata ba. Kullum da hantsi, ina tsakiyar aiki, zai jawo ƙafa ya zo ya ajiye mini abu a gaba. In duba in ce roba ce. Ya tambayi ta ina na gane. In ce layukan sun yi daidai da yawa, kamar an ja su da rula. Ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da wani. In ce roba ce, ƙyallin ya yi yawa. Wani lokaci na so in yi masa ƙarya in huta, na buɗe baki, ya zuba mini idon nan nasa, na fasa. Da na yi ma ganewa zai yi, kuma daga ranar ba zai sake yarda da maganar kowa ba.

Wata rana na same shi da guntun sandal na gaske a hannun hagu, yana bin zanen da farce. Ya ce, "Kin san inda na yi kuskure? Bishiya ba ta girma daidai. Shekarar ruwa layin ya yi kauri, shekarar fari ya tsuke. Wani wurin iska ta tura ta, ta karkace. Ni kuma ina ta yin bishiyar da ba ta taɓa shan wahala ba." Na ce to Allah ya ba da sa'a, a dawo mini da allurata.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Rayan. Ilyasu ya sake zuwa, wannan karon bai zauna ba. Ya ce shi ma tsufa ya kama shi, ba zai iya riƙe shago biyu ba, ga wani mai sayar da wayoyi yana ta neman namu. Idan aka gama biki Salih bai dawo ba, zai miƙa makulli. Shagon da babansu ya kafa da hannunsa ke nan. Na bi Ilyasu har ƙofa ina roƙo, ya ce ya yi iya nasa. Na dawo na zazzage wa Salih duk abin da ke raina, na ce girman kai ne zai raba shi da gadon ubansa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Matsa, kin tare mini haske."

Saura mako biyu biki muka yi dakan turare. Wanda ya san Umdurman ya san ranar nan. Mata sun cika tsakar gida tun safe, ana daka kanumfari da ƙwayar ƙamshin nan mahalab, ana soya farcen turare, ana haɗa humra, ana guɗa. Dangin ango sun zo, babbarsu Hajja Sulafa, gwaggon ango, mace mai ido a kan komai. Tun da ta shigo take ɗaga murfin kwanukana tana leƙawa. Ni kuma turaren 'yata ne, na ƙudura sai ta koma tana labarina.

Wajen azahar na ɗora babban kasko a kan gawayi zan narkar da sukari in zuba sandal, sai na ga sandal ɗin da na faskara ba zai isa ba. Na juya, a kan tagar ɗaki inda na saba shanya nawa, ga tire cike da 'yan sirara, an faskare su tsaf. Na ɗauka Rayan ce ta ajiye. Hancina ya riga ya cika da ƙamshi tun safe, hannuna duk mai. Amma ba zan fake da wannan ba, domin na duba da idona. Na ɗauki guda na ɗaga a rana, na ga jijiyar ta tafi ta karkace, nan kauri, nan siriri, ga ɗan duhu a tsakiya irin na zuciyar itace. Har na miƙa wa Hajja Sulafa.

"Duba nan, Hajja. Irin wannan ba a samunsa a kasuwa yanzu."

Ta juya shi ta ce, "Ma sha Allah, tsohon sandal ne."

Na juye tiren duka a kasko na hau juyawa.

Ba a daɗe ba ƙamshin ya canza. Wani baƙin hayaƙi ya tashi mai warin ƙonannen silifa, ya shaƙe maƙoshi. Mata suka watse suna tari, suna rufe hanci da mayafi, wata ta ture turmi. Na sauke kaskon da tsumma na jefa shi bakin rariya na kwara ruwa. Sandal ɗina na gaske, sukarin, turaren da na yi wata biyu ina tarawa, duk sun haɗe sun zama baƙin dunƙule. Rayan ta tsaya a ƙofar ɗaki hawaye na zuba. Ni kuwa a take na gane abin da na zuba.

Sai ga Salih ya fito daga ɗakin baƙi yana jan ƙafa, ya shigo tsakiyar mata, abin da bai taɓa yi ba. Bai dubi kaskon ba. Tagar ya duba, ya ga tire babu komai.

"Wa ya ɗauki abin da na shanya a nan?"

Mata sun fi ashirin, hannaye sun yi ta shiga da fita, da na yi shiru babu mai cewa ni ce. Hajja Sulafa ma ta sunkuyar da kai, don ita ma tana da nata rabon kunyar. Shekara talatin ina gina sunana a kan sanin sandal, kuma gobe duk unguwa za ta ji. Na dubi hannunsa na dama a kan sanda.

"Ni ce," na ce.

"Kin duba?"

"Na duba."

"A rana?"

Haushi ya kama ni. "A rana, Malam. Na ɗaga na duba, na yaba, na nuna wa baƙi. Na ɗauka itace ne. Ka ji daɗi?"

Na zaci dariya zai yi, na shirya masa amsa. Bai yi ba. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya juya. Ya kai ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, "Rayan, ki goge mini farar jallabiyar nan."

Turaren amarya sai da maƙwabta suka haɗa mini, kowa ta kawo ɗan abin da take da shi, muka sake na biyu washegari. Labarin kuwa ya riga mu zuwa ko'ina. Har yau idan na shiga gidan biki akwai mai miƙo mini tsinken sakace ta ce in duba mata ko sandal ne. Hajja Sulafa kaɗai ba ta taɓa tsokanata ba.

Washegarin nan da safe, kafin mu ɗora kasko na biyu, raksha mai ƙafa uku ta tsaya a ƙofar gida. Salih ya fito cikin jallabiya da rawani, da akwatin carbinsa a hammata. A kan murfin akwatin ya sa Rayan ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ba itace ba ne, don kada ya ci haƙƙin kowa. Na ce ai da tun jiya ya rubuta a kan tire. Ya yi kamar bai ji ba. Mai raksha ya miƙo hannu zai taimaka masa ya hau, ya ture, ya kama ƙarfen da hannun daman nan ya ja jikinsa ya shiga.

Na tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana. Sannan na koma ciki na buɗe firij zan ɗauko madarar shayi, na tarar da sabon dunƙule a kan faranti, an ture mini tumatir gefe. Na tsaya a nan ina kuka, firij a buɗe, har Rayan ta zo ta rufe shi.