Baba Zakiru, Mai Auna Mutum da Runguma

Duk ranar Asabar, da an idar da sallar asuba, Baba Zakiru zai fito da tsohuwar motarsa daga lungunsu na Al-Sih, ya ɗaure alluna a samanta kamar mai kai ƙofofi kasuwa. Maƙwabta sun yi tambaya har sun gaji. A Madina, garin da babu teku, me dattijo yake yi da kayan teku? Shi dai sai ya ce, "Yalla, bismillah," mu ɗuru ciki, mu wuce gonakin dabinon Badar, ba tsayawa sai bakin ruwa.

Ga wanda bai san wasan ba: allo ne kake tsayawa a kai, kana riƙe da babban ƙyalle, iska na tura ka. A ƙarƙashin allon akwai ɗan harshe mai yanka ruwa, a nan za'anafa muke ce masa. Mu 'yan ƙungiyar, direbobi da ma'aikatan filin jirgi da ɗalibai, ba gudu a miƙe ne ya dame mu ba. Salo muke so, mu juya allo a kan ruwa, a ɗauke mu bidiyo mu tura gida a san ba zaman banza muke ba. Baba Zakiru ne ke zaɓa wa kowa allonsa da za'anafarsa, shi ke gyara, shi ke tuƙi. Ƙarshen watan nan zai koma Yawuri, shi ya sa na kasa yin shiru.

Da nauyin mutum ake zaɓen allo. Mai koyon salo yana buƙatar mai faɗi, mai kaurin baya, wanda zai ɗauke shi ko da iska ta tsaya. In ya yi maka ƙanƙanta, nutsewa za ka yi a hankali, kana tsaye ƙiƙam, jama'a na kallo. To amma wane namiji ne ke faɗin gaskiyar nauyinsa? Baba ya daɗe da sanin halinmu, don haka ba ya tambaya. Ya yi shekaru yana ɗaga jakunkunan alhazai a filin jirgi har hannuwansa suka zama sikeli. In sabo ya zo, sai ya ware hannu, "Ahlan, ɗan'uwa!" ya rungume shi ya ɗan ɗaga. Kai kana ta murna an karɓe ka hannu bibbiyu, ashe an gama auna ka.

Wanda ya fi kowa shaida wannan shi ne Ashafa, direban tankar ruwa. Likita ya ce masa sukari ya yi yawa, in bai motsa jiki ya rage ƙiba ba, ƙafarsa na cikin haɗari. Ya fara tattaki, yara suka yi dariya, ya bari. Ya hau keke, taya ta fashe, ya bari. Haka Allah ya yi shi, in aka yi masa dariya sau ɗaya ya bar abin ke nan. Matarsa Zulfa da kanta ta rako shi wurinmu. Ta ɗora shi a kan ganye da gasasshen kifi, yana ce mata yana ramewa, alhali mai soya mutabbaƙ, wainar nan mai nama da maiƙo, a unguwarsu da sunansa yake kiransa.

"Baba, ga maigidana Abu Najwa nan," in ji Zulfa. "Ya ce ya rage sosai. A ba shi ƙaramin allo irin na samari."

Ashafa na bayanta yana ta ƙifta wa Baba ido. Baba ya ware hannu ya rungume shi, ya yunƙura. Wallahi duk wanda ke wurin ya ji bayan Baba ya ce ƙas! Ƙafar Ashafa kuwa ko motsi. Baba ya ce "Masha Allah" da wata siririyar murya, ya nemi gefen mota ya jingina.

Da ya huta, ya jawo allon da ya fi kowanne girma, wanda muke kira Jirgin Fito, ya manna baƙin salatif a kan lambar girmansa. "Da wannan za ka fara," ya ce. "Iskar yau ce ke son sa." Zulfa ta dubi salatif ɗin, ta dubi Baba. Ashafa ya hau, bai nutse ba, Asabar ta gaba ya dawo.

Sai maganar za'anafa. Doguwa tana riƙe allo gam, a miƙe kawai za ka tafi. Mai salo gajeriya yake so don bayan allo ya zame ya juya, amma in ta yi gajarta da yawa, allo ba ya jin maganar kowa. Baba da zarto yake rage ta kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda ƙafar mutum ta zauna. Ashafa kuwa ya kalli bidiyo a waya, ya ga ta ƙwararru 'yar guntuwa ce, ya tafi da tasa gida ya yanke ta har ta koma kamar babban yatsa. Yana hawa, allo ya kama tafiya a karkace kamar ƙaguwa, ya nufi kwalekwalen masunta, yana ihu, "Baba, ina birki? Ina birki?"

Dariya ta taso mana. Baba ya juyo, ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Wanda ya yi dariya, da ƙafa zai koma Madina." Muka haɗiye ta, wani har da tari. Baba ya shiga ruwa da jallabiyarsa har wuya, ya jawo Ashafa. "Mafi mushkila, ba komai," ya ce masa. "Zamewa ka iya, tsayawa ce ta rage. Za'anafa kuma ka bar min ita."

Baba, kai ne ka gane ba salo ne a gabanka ba, ƙafar mutum ce. Kai ne sikelin da ba ya tona asiri. Ka ɗaga mu duka, ka san na kowa, ba mu taɓa jin lamba ɗaya daga bakinka ba.

An kwashe watanni Ashafa na zuwa ba fashi. Asabar da ta wuce muka yi walimar bankwana a bakin ruwa. Ashafa ya hau Jirgin Fito, ya tashi, ya juya shi tsaf, ya ci gaba da tafiya bai faɗi ba. Muna ihu Zulfa ta matso.

"Baba, tun ranar farko na ji ƙarar bayanka. Na sani. Ka sake rungumarsa, yau ka faɗa min gaskiya, don ni ce ba na barci saboda ƙafar nan."

Ashafa ya fito yana ɗigar ruwa, jiki a sanyaye. Baba ya yi bismillah, ya rungume shi, ya yunƙura. Ƙafafu biyu suka bar ƙasa, muna ganin haske a ƙarƙashinsu. Ya ajiye shi, ya juyo gare mu.

"Ku kawo ƙaramin allo."

Zulfa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Mun gode, Baba Zakiru. Allah ya kai ka Yawuri lafiya, ya saka maka da alheri, ya warkar da bayan nan da muka kashe. Ku kuma jama'a, in ya zama dole ku auna mutum, ku yi irin na Baba: a rungume, baki a rufe. Ni dai ban yarda ya yi min rungumar bankwana ba sai da matata ta shiga mota.