Butar Inna

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata, mu uku ne a ɗakin: ni, da mahaifiyata Inna a kan keken marasa lafiya, da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba. Likitan huhu ne ya turo mu wurinta. Ya riga ya gaya mana cewa hayaƙi ya ci huhun Inna, kuma ba zai koma kamar da ba. Tun ina goye take haɗa turaren wuta na sayarwa a gidanmu na unguwar Lamisula, kullum kanta a kan kasko.

Ma'aikaciyar ta tambaye ta abin da ta fi so ta iya yi. Inna ta ce, "'Yata, so nake na ɗauki butata na je na yi alwala da ƙafata, na yi salla a tsaye."

A lokacin ta daɗe a kwance. Haka ake yi wa babba a wurinmu idan ba shi da lafiya: ruwa a miƙo masa, tasa a kawo bakin gado ya yi alwala, ko motsi ya yi a ce me kake so.

Ma'aikaciyar ta ce kwanciyar nan na ƙara mata haki, domin ƙafar da ta daina tafiya rauni take yi, kuma mai rauni ya fi saurin sarƙewar numfashi. Ni karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, amma ba na son abu a hargitse, sai na ce ta jera mini yadda za a yi. Ta ce kusan ko'ina a duniya tsarin ɗaya ne. Da farko a gwada iya tafiyar da mutum zai yi. Na biyu, ya riƙa zuwa motsa jiki tare da masu ciwo irin nasa na wasu makonni. Na uku, a koya masa numfashi, da yadda ake shaƙar magani, da abin da zai ci. Daga nan ya ci gaba a gida. A wasu ƙasashen akwai ɗaki guda cike da injunan tafiya, wasu a ɗakin shan magani na unguwa suke yi, wasu ma ta waya ake bin mutum. "Mu nan, Anti, baranda gare mu, da kujera, da gorar ruwa. Sun isa a fara."

Ta ce wa Inna ta shaƙa ta hanci kamar tana sansanar turare, ta fitar ta baki a hankali kamar tana hura kunu. Inna ta ce, "Turaren ne fa ya kawo ni nan." Muka yi dariya har tari ya kama ta.

A gida na raba aikin. Da safe ta tashi daga kujera ta zauna, ta sake. Bayan azahar ta ɗaga gorar ruwa. Da yamma tafiya, daga ƙofar ɗaki zuwa gindin dalbejiya. Kasko kuwa ya bar gidan. Na hana kowa taɓa butarta, ko da yake rabi kawai nake zuba mata.

Nan magana ta tashi. Mata masu zuwa dubiya suka fara kallona. Sai ga Kawu, yayan Inna, daga unguwar Fezzan. Ya shigo ya tarar da ita tsakar gida, buta a hannu, ta jingina da bango tana hura iska, ni kuma ina gefenta hannuna a naɗe.

"Ke! Uwarki ce ko 'yar aikinki?" Ya miƙa hannu zai karɓi butar.

Na ce, "Kawu, don Allah a bar mata."

"Asibitin ne ya koya miki rashin tausayi?"

Kawu ba abokin musuna ba ne. Inna ce ta rungume butar a ƙirji. Sai da numfashinta ya daidaita ta ce, "Yaya, in taimakon kake so, zo mu jera. Kai ma ga tumbi."

Ya tsaya yana hararata. Can ya gyara babbar rigarsa ya bi ta, tana tsayawa yana tsayawa, har bakin rariya. Da ya ga ta tsuguna da kanta, sai ya juya fuskarsa wajen bango ya daɗe a haka. Ni ma ban dube shi ba.

Huhun bai warke ba. Akwai ranar da haki ke hana ta komai, mu zauna, ina riƙe da hannunta. Amma yawancin ranaku tana kai kanta rariya, kuma raka'ar farko a tsaye take yin ta.

Saboda haka ina roƙon mai karanta wannan: in ka zo gaishe da Inna, ko wani tsoho mai irin ciwonta, ka same shi yana ja da butarsa, kada ka karɓe. Ka rage sauri, ka jera da shi, in ya tsaya kai ma ka tsaya.