Ranar da Na Goya Surukina

Akwai wata Talata ta tsakiyar damina da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Ubangijina. Shekaru sun ja, furfura ta fito mini, amma ranar ba ta daina faɗo mini a rai ba. Ita ce ta bar ni da wata tambaya da nake yawan yi wa kaina: me ya sa muke tambayar mutum lafiyarsa alhali mun riga mun san amsar da zai bayar? Ka tarar da mutum zazzaɓi na kaɗa shi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kai ma ka ce madalla ka yi gaba. Da can ban taɓa ganin aibin wannan ba.

A lokacin ina ɗinki a Rano, ina da ɗan babur ɗina. Matata 'yar Nariya ce ta ƙasar Kibiya, shekararmu tara da aure. Mahaifinta manomi ne, dattijo mai ƙarancin magana, kuma tsakanina da shi akwai kunya irin wadda aka san surukai da ita a wajenmu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake kashe babur, in tuɓe takalmi, in tsuguna in sunkuyar da kai. Shi ma bai taɓa kama sunana ba, sai dai Malam, kuma ko buta bai taɓa cewa in miƙo masa ba. Gaskiya ina ji da wannan hali nawa. Ana ta yabona a dangin matata, wai wane ya san darajar manya, ni kuwa kaina sai ƙara fasuwa yake.

Ran nan na tashi da hantsi zan kai wa wani kayansa da na ɗinka a Kibiya. Matata ta ba ni sabulu da goro in biya in kai wa mahaifiyarta. Na ratse ta hanyar gonaki don ta fi kusa. Dawa ta kai ƙugu, ko'ina kore shar, hanyar kuwa babu kowa. Ina isowa daidai gonar surukina sai na hango shi zaune a gindin ɗorawa ya jingina da ita. Na ce a raina tsoho ya gaji yana hutawa. Na kashe babur, na ajiye takalmi, na matsa kamar taku goma tsakaninmu na tsuguna, idona a ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya aiki? Ya ruwa?"

"Aiki da godiya. Ruwa ya yi gyara."

Ya tambaye ni gida, ya tambayi yara, ya tambayi mahaifina da ciwon idonsa, ya tambayi kasuwa. Ina amsawa ina kallon wasu tururuwa da ke jan ƙwayar hatsi a gaban yatsuna. Har yau ina iya tuna tururuwan nan, amma ba zan iya gaya maka kalar rigar da ke jikinsa ba. Da muka gama sai ya ce, "To, Allah ya yi albarka. A sauka lafiya." Na ja da baya, na ɗauki takalmina, na tura babur na yi nisa kafin in tayar, don kada ƙara ta dame shi. Ka ji ladabi.

A Nariya na tsaya a ƙofar gida na yi sallama. Surukata ta amsa daga bayan katanga kamar yadda muka saba. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam ya fita tun asuba bai karya ba, yanzu nake cewa ko in aika masa da fura." Ni da bakina na ce mata, "Ai yanzu na baro shi, Inna, lafiyarsa lau. Yana hutawa ne, da alama ma ya kusa tashi." Ta ce to shi ke nan, bari ta ajiye masa ya tarar. Da na yi shiru, da wani ya je gonar nan kafin rana ta take.

Na wuce Kibiya na kai kaya, na zauna hira, na ci shinkafa da wake, na yi azahar. Hankalina kwance na kamo hanyar gida. Na kusa gonar sai ga wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono a tsakiyar hanya, ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa tana ɗaga mini hannu biyu.

"Tsaya, ɗan nan. Akwai tsoho can gindin ɗorawa, maciji ya sare shi."

Na ce, "Inna, ba dai wancan ba. Ɗazu na gaishe shi, lafiyarsa lau."

Ta ce, "To zo ka ga lafiyar."

Na bi ta zuwa gindin ɗorawar. Yana nan inda na bar shi, bai matsa ko taku ɗaya ba. Ƙafarsa ta dama a miƙe, ta kumbura ta yi kamar turmi, ta yi baƙi. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure ta tamau a ƙasan gwiwa har ƙyallen ya nutse cikin nama. Jini na tsattsafowa daga dasashinsa yana bin gemu. A gefensa ga kububuwa a mace, ya sare kanta da fartanya, tururuwa sun rufe ta. Ga sawun tsugunona na safe a ƙasa, ina ganinsa sarai. Babu abin da aka ɓoye mini. Ƙafar a fili take, macijin a fili yake.

Ya buɗe ido da ƙyar ya gan ni. Ka san me ya ce? "Malam, har an dawo? Ya hanya?"

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne ni kaina. Wallahi sai na ji ina shirin tsugunawa, hannuna ya nufi takalmi. Tsohuwar nan ta daka mini duka a gadon baya ta ce, "Wata gaisuwar za ka sake? Ɗauke shi."

Na matso da babur. Da na kai hannu zan ɗaga shi, sai ya ɗan janye jiki ya ce a hankali, "A nemo wani dai. Surukina ne, bai kamata ba."

Tsohuwar ta riƙe baki tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mu da ake cewa mun fi kowa kunya, ban taɓa ganin irin taku ba. Malam, in ka warke ka je gida ka ji kunyar."

Muka kama shi ni da ita muka ɗora a babur. Ba ya iya zama, sai sulalewa yake. Sai ta cire mayafinta ta zagaya da shi ta bayansa ta ɗaure a ƙirjina, kamar yadda ake goya jariri. Haka na kamo hanyar Rano da surukina goye a bayana. Shekara tara ko hannunsa ban taɓa riƙewa ba, yau ga gemunsa a kafaɗata, ina jin numfashinsa a wuyana. Ashe ma ba shi da nauyi. Yana ta salati ƙasa-ƙasa, ni kuwa hawaye na hana ni ganin hanya. Mun kusa shiga gari na ji ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, na ɓata maka riga."

A asibiti likita ya kwance ɗaurin, ya duba ƙafar, fuskarsa ta canza. Ya tambaye shi yaushe abin ya faru. Ya ce tun da sassafe, bai daɗe da fara noma ba. Likita ya ce, "Baba, tun safe babu wanda ya bi ta wurin ya gan ka?"

Ina tsaye a bakin gado. Ya rufe ido ya ce, "Babu kowa."

Ban san lokacin da na ce, "Ni na bi. Na tsaya na gaishe shi," ba. Likitan ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Allah ya yi da sauran kwanansa, allurar da aka yi masa ta kama dafin. Amma ƙafar ta riga ta mutu, ɗaurin ya yi tsanani kuma ya daɗe. Bayan 'yan kwanaki aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa tsallake damina ba, daga ranar bai ƙara riƙe fartanya ba. Babu wanda ya ɗora mini laifi, kowa sai cewa yake ƙaddara ce. Matata ma ba ta zarge ni ba, sai dai ta yi mako guda ba ta iya haɗa ido da ni.

Bayan an sallame shi na je Nariya duba shi. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, sanda a gefensa. A ranar ban tsuguna daga nesa ba, na je na zauna a gefen tabarmarsa. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Da na ji ƙarar babur na yi hamdala. Sai na ga kai ne. Ka tsuguna kana gaishe ni yadda ya kamata, to ta ina zan fara? In ce surukina zo ka ɗauke ni? Bakina ya ƙi." Ya shafa gemu. "Shi ne na yi ta ja maka gaisuwar, ina cewa ko Allah zai sa ka ɗago kai. Da ka ɗago, ai ba sai na faɗa ba."

Na zauna ina kuka kamar ba magidanci ba, shi kuma yana ba ni haƙuri.

Ya rayu shekara shida bayan haka. Ni nake kai shi asibiti, ni nake ɗinka masa wando mai ƙafa ɗaya gajera, har tuwo mun ci a kwano ɗaya. Ba na cewa kunya ba ta da kyau, da ita aka raine mu kuma da ita zan mutu. Amma na koyi cewa mutanenmu ba sa faɗin ciwonsu da baki, saboda haka wanda ya tambaya da baki kawai bai tambaya ba. Yanzu ni ma na aurar da 'ya. In mijinta ya zo ya tsuguna ya kafa kai a ƙasa, sai in bar shi ya gama, sannan in ce masa, "To ɗago ka dube ni, ka tabbata lafiyar ce." Ana ta cewa tsohon nan ba shi da ta ido. Su faɗa, ni na san abin da sunkuyar da kai ya ci.